Ƙwarya, Kanwa da Kwalba: Tarihin Nono da Hawan Jini a Ƙasar Kafur

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata sabuwar haja ta shigo kasuwar magani a Funtuwa da Malumfashi, har ta gangaro ƙauyukanmu na Kafur ta hannun 'yan talla da wayar salula. Kwalba ce 'yar ƙarama mai ɗauke da kafso, masu sayarwa na kiranta furobayotik. Suna cewa a cikinta akwai ƙananan halittu masu rai da ke gyara hanji, su saukar da hawan jini, su kuma tsare zuciya. Kuɗin kwalba ɗaya kan lashe tiyoyin masara masu yawa, amma ana saye, domin ciwon da ake gudu ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ƙaru daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. A Nijeriya kuwa, kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana ɗauke da shi.

Ni ɗan Kafur ne, kuma tarihi na karanta a jami'a. Saboda haka tambayar da na yi wa wannan kwalba irin ta ɗalibin tarihi ce: daga ina ta fito, wa ya fara yi mata wannan kirari, kuma me aka gani da aka ɗora kirarin a kan ma'auni? Da na bi sawunta, sai sawun ya ratsa Turai da Japan, ya komo gida ya tsaya a bakin ƙwaryar nono.

Zamanin ƙwarya

Tun kafin a san akwai wata halitta da ido ba ya gani, matan Fulani sun san yadda ake kiwonta. Akan tatsi madara, a tafasa ta, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, a rufe da faifai. Kafin gari ya waye ta daskare, ta yi abin da mata ke cewa barci, ta zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da ake dama fura da shi. Wannan ɗan ragowar na jiya shi ne sirrin aikin, domin a cikinsa bakteriya masu tsamar da madara suke, kuma ta haka ake miƙa su daga ƙwarya zuwa ƙwarya, daga uwa zuwa 'ya.

Haɗin gero da nono tsohon abinci ne a ƙasashen Sudan. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wani abin sha da ake yi da dakakken gero da ruwa, a sa masa zuma ko nono. A ƙasarmu ta kudancin Katsina, daga Gozaki zuwa Masari da Mahuta, wannan haɗi ya zauna ne a kan wata tsohuwar ma'amala tsakanin manomi da makiyayi. Bayan girbi shanu kan shiga gona su ci kara, su bar taki. Bafulatana ta kawo nono gari, ta koma ruga da gero ko dawa. Kakata takan ba mu labarin yadda a ƙuruciyarta ake musayar ƙwaryar nono da hatsi ba tare da ko anini ya gitta ba.

Tsami bai tsaya ga nono kaɗai ba. Gasarar koko da ta kunu sai an jiƙa gero ya kwana. Daddawa kuwa sai an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu ko uku, wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis ta yi aikinta, irin wadda Japanawa ke yin abincinsu na waken suya da ita. A ƙasa mai zafi, inda madara ke lalacewa cikin 'yan sa'o'i, tsami shi ne hanyar ajiya. Ya kamata a riƙe wannan da kyau: kakanninmu sun tsamar da abinci ne don ya daɗe kuma ya yi daɗi. Kirarin cewa magani ne na zuciya daga wata nahiya ya zo.

Wannan ma'amala ta sha girgiza. Annobar bushiya da ta shigo Afirka ta tashar Massawa a 1887 ta iso yammacin nahiyar wajen 1890, ta karkashe mafi yawan shanun Fulani. Bayanta jangalin Turawa ya zo, sannan farin 1972 zuwa 1974. Duk da haka garke ya sake tofuwa, ƙwarya ta ci gaba da zuwa kasuwa.

Yadda nono ya shiga ɗakin bincike

Shekarar 1905 tana da muhimmanci biyu a wannan tarihi. A cikinta ne wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, yana karatu a Janeba, ya gano bakteriyar da ke tsamar da nonon ƙasarsu. A cikinta ne kuma likitan sojan Rasha Nikolai Korotkov ya bayyana yadda ake sauraren bugun jijiya a karanta lambar sama da ta ƙasa ta awon jini, bisa na'urar ɗaura wa dantse da Riva-Rocci na Italiya ya ƙera a 1896. Wato sanin halittar da ke cikin nonon Bulgeriya da sanin yadda ake auna hawan jini ta hanyar sauraro tagwaye ne, shekararsu ɗaya, sai dai an daɗe kafin a haɗa su a zaure ɗaya.

Wanda ya yi wa nono shela a duniya shi ne Elie Metchnikoff, masanin Rasha da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris. A littafinsa na 1907 kan tsawaita rayuwa, ya ce wasu bakteriya na hanji suna ruɓar da abinci su fitar da guba mai tsufar da jiki da sandarar da jijiyoyin jini, kuma bakteriyar nono na iya danne su. Hujjarsa ita ce yawan tsofaffi a cikin manoman Bulgeriya masu shan nono. Da ya sami kyautar Nobel a 1908, kodayake a kan binciken garkuwar jiki aka ba shi, sai maganarsa ta ƙara nauyi, Turai ta ɗauki shan nono kamar farilla. Shi kansa ya lizimci sha kullum, amma a 1916 ya rasu yana da shekara 71, kuma ciwon zuciya ne ajalinsa.

'Yan kasuwa ba su bari maganar ta bi shi kabari ba. A 1919 Isaac Carasso ya fara yin yogot a Basalona, ana sayarwa a kantunan magani. A 1930 Minoru Shirota na Jami'ar Kyoto ya ware wata bakteriya mai jure tsamin ciki, kuma daga 1935 aka fara sayar da ita da sunan Yakult. Kalmar furobayotik ta fito a wani rubutun Lilly da Stillwell a 1965. Sai a 2001 ne wani kwamitin Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsayar mata da ma'ana: ƙananan halittu masu rai waɗanda, idan aka sha su daidai gwargwado, suke amfanar lafiya. Sharuɗɗa uku ke cikin ma'anar, rai da adadi da amfanin da aka tabbatar, kuma da su ya kamata a auna kowace kwalba.

Makiyayi a kan ma'auni

A wannan tsakani likitoci sun fara ɗaura na'urar awo a damatsan mutanen Afirka. A 1929 wani likita mai suna Donnison ya wallafa sakamakon awon maza kimanin 1,000 a yammacin Kenya. Ya ga jininsu ba ya hawa da ƙaruwar shekaru kamar na Turawa. A 1974 George Mann da Anne Spoerry suka shayar da samarin Masai nono mai tsami da yawan gaske, suka yi mamakin ganin kitsen jini, wato kolestarol, ya sauka. Wannan bincike ne ya buɗe ƙofar haɗa nono mai tsami da lafiyar zuciya a kimiyyance.

Kusa da gida, Robert Glew da abokan aikinsa sun yi nazarin Fulani makiyaya na tsaunukan Jos, suka wallafa a 2001. Sun tarar kusan rabin ƙarfin da waɗannan mutane ke samu daga abinci daga mai yake fitowa, musamman man shanu da nono, amma kitsen jininsu daidai yake. Sai dai masu binciken ba su jingina wannan ga nono kaɗai ba. Sun yi nuni da cewa makiyayi siriri ne, yana wuni a ƙafa, kuma abincin da yake ci bai wuce abin da jikinsa ke ƙonawa ba. Duk wanda ya taɓa bin garke daga Rugoji zuwa mashaya ya dawo, ya san abin da ake nufi. Mai tallar kwalba yakan ɗauko nonon makiyayi ya kafa hujja da shi, ya bar sandarsa da tafiyarsa a daji.

Kanwa da zuciyar mai jego

Tarihin ciwon zuciya a yankinmu yana da wani babi da ba a cika tunawa da shi ba. Daga 1969 zuwa farkon shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙarƙashin Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, sun lura da yawan matan da ke zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki da gazawar zuciya. Sun bi mata 224, suka wallafa cikakken rahoto a 1978. Sun ɗora alhakin a kan al'adun jego na kwana arba'in: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Kanwa, wadda fatake suka yi ƙarnoni suna kawowa daga Borno da Manga, cike take da sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya ƙara yawan jini, zuciya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta.

Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokansa ya faɗaɗa bayanin. Sun ga cewa rama da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam suna da hannu babba, kuma al'adun jego su kaɗai ba su isa su bayyana ciwon ba. Darasin wannan babi biyu ne. Na ɗaya, ba duk abin da muka gada ne yake da amfani ga zuciya ba. Ƙwaryar da ta ɗauki nono ita ce ta ɗauki kunun kanwa. Na biyu, ko bayanin manyan likitoci yakan sami gyara idan aka sake awo.

A tsakiyar shekarun 1970 kuma aka kafa shirin binciken cututtuka na Malumfashi, haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful. A lokacin Kafur tana ƙarƙashin gundumar Malumfashi, ƙasar Galadiman Katsina. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu binciken shi ne zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da saran maciji. Waɗannan ne masu kisa na wancan zamani. Yau idan mutum ya leƙa ɗakunan manya a asibitocin yankin, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da ciwon suga za su tare shi, kuma hawan jini na tsaye a bayan da yawa daga cikinsu.

Abin da awo ya nuna

Masana sun bayyana hanyoyi uku da bakteriya masu amfani za su iya taɓa jini. Ta farko, idan suna tsamar da madara sukan daddatsa furotin ɗinta, wasu gutsattsarin kuma suna rage aikin wani sinadari na jiki da ke sa jijiyoyin jini su tsuke. Wannan sinadari shi ne wanda maganin captopril ke toshewa, maganin da aka samo asalinsa daga dafin wani maciji na Burazil, aka fara amfani da shi a 1981. Ta biyu, a cikin hanji sukan narkar da dusar hatsi da ganye su fitar da wasu sinadarai masu sassauta jijiyoyi. Ta uku, wasunsu kan wargaza ruwan matsarmama, jiki ya tilastu ya ɗebi kolestarol ya yi sabo.

Bayani ne mai ma'ana, amma a likitanci lamba ce ke yanke hukunci. A 1996 Hata da abokansa a Japan suka ba tsofaffi masu hawan jini kimanin 30 ko dai nono mai tsami ko wani abin sha mai kama da shi, na tsawon mako 8. Lambar sama ta masu shan nonon ta sauka da kusan maki 14. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma yawancinsu suna kan maganin asibiti. Da aka maimaita irin wannan gwaji a Turai sakamakon bai kai haka ba, har a 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba a kawo hujjar da ta isa a rubuta wa waɗannan gutsattsarin furotin cewa suna daidaita jini ba.

A 2014 Saman Khalesi da abokansa na Jami'ar Griffith ta Ostareliya suka tattara gwaje-gwaje 9 da suka ƙunshi mutum 543. Sun samu cewa furobayotik ya rage lambar sama da maki 3.56, ta ƙasa da 2.38. Sun kuma ga cewa amfanin ya fi bayyana idan an sha na mako 8 ko fiye, idan nau'in bakteriyar ya wuce ɗaya, kuma idan adadinsu ya kai biliyan 100 a rana. Ƙasa da haka, babu wani sauyi na a zo a gani.

Sai mu ɗora wannan kusa da sauran hanyoyi. Ƙwayar maganin hawan jini guda ɗaya, a ma'auninta na yau da kullum, tana rage lambar sama da kusan maki 9. Rage gishiri da kimanin giram 4 a rana yana rage wa mai hawan jini kusan maki 5. Wani babban nazari na 2021 ya nuna cewa duk ragin maki 5 da magani ya kawo yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 10 cikin ɗari. Saboda haka maki uku da rabi ba abin rainawa ba ne idan al'umma duka ta samu. Amma dattijon da awonsa ya kai 180, alhali iyakar lafiya tana ƙasa da 140 bisa 90, idan ya ajiye maganin asibiti ya riƙi kwalba, ya sauka zuwa 176 ke nan, yana nan a bakin rijiya. Na san gidaje a garinmu da aka yi wannan musaya, domin kuɗin gida ba ya ɗaukar biyun, kuma mai talla ya fi ma'aikacin asibiti daɗin baki. Akwai kuma tambayar rai: halittar da ta yi watanni a cikin akwatin ɗan talla, a zafin bazarar Funtuwa, da wuya adadin da aka rubuta a jikin kwalbar ya kai ga hanjin mai sha.

Abin da ya sauya a Kafur

Idan jininmu ya hau, me ya hau da shi? A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Takin zamani ya wadata, masara ta mamaye gonakin da dā gero da dawa ke ciki. Arziki ya ƙaru, wannan gaskiya ne, amma manomin da ya sami buhun taki ya rage buƙatar kwanan shanu a gonarsa. Gonaki suka ci burtali da makiyaya, tsohuwar ma'amala ta fara tsinkewa. A ɗakin girki dunƙulen magi, wanda gishiri ne babban abin da ke cikinsa, ya ture daddawa gefe. Taliyar leda da lemon kwalba suka shigo, babur ya karɓi aikin ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, miyarmu ta yau kuwa takan haɗa gishiri da magi da kanwa a tukunya guda.

Sai kuma masifar satar shanu da ta'addancin daji da suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, har suka taɓa ƙauyukanmu. Rugage da yawa sun tashi, wasu garkunan an kore su, wasu sun yi kudu. Manomi da makiyayi duk sun yi asarar rayuka da dukiya. Sakamakon ya iso har cikin ƙwarya: nono da yawa da ake sayarwa yanzu da madarar gari ake haɗa shi, a tsinka da ruwa, a ƙara masa kauri da garin kuka ko sitaci, mai saye kuma ya zuba suga har sai ludayi ya yi nauyi. Ga fargabar dare da ke hana mutane barci, ita ma tana da nata rabon a hawan jini. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne daidai lokacin da nonon gaske ke ƙaranci a ƙasar da ta san shi tun ƙarnoni, a lokacin ne ake kawo mana jikokin bakteriyarsa daga ƙetare da tsada.

Kammalawa

Shekara ɗari da 'yan kai daga Metchnikoff zuwa yau, an tabbatar da wani yanki na maganarsa, an kuma rage mata tsawo. Bakteriya masu amfani suna iya sassauta jini kaɗan, bisa sharuɗɗa, ga wanda ya daure da sha. Ba su maye gurbin magani, ba su kankare gishiri, ba su yi wa mutum tafiyar da bai yi ba. Kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a tsamar, don tsira daga tarin fuka da sauran cututtukan da ɗanyar madara ke ɗauka, abinci ne mai kyau da araha, musamman idan an rage masa suga. Mai hawan jini ya sha shi a matsayin abinci, ya riƙe maganinsa, ya riƙa zuwa awo.

Aikin da ya rage na jami'o'inmu ne da hukumominmu. Jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya suna da masu ilimin da za su ɗauki kindirmon Kafur su auna shi a kan masu hawan jini, kamar yadda Japanawa suka auna nasu nonon a 1996. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce da alhakin tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne a cikinta. Kowace cibiyar lafiya ta ƙauye tana buƙatar na'urar awo mai aiki da magani mai sauƙin kuɗi. Gaba da duk waɗannan, sai an sami zaman lafiyar da za ta bar saniya ta kwana a ruga, Bafulatana ta ɗauko ƙwarya ta iso kasuwar Kafur ta koma gida lafiya. In babu wannan, ɗan ragowar nonon jiya da ake zubawa a madarar yau zai yanke, kuma abin da ya yanke a ƙwarya ba a sayo shi a kantin magani.